Ciwon kwankwaso da kujerar da muke wuni a kanta

Duk wanda ya san hanyar Wudil zuwa Gaya da Ajingi ya san yadda direba ke saukowa daga mota da yamma, hannu dafe da kwankwaso. Haka tela a Balan da ya wuni kan bencin keken ɗinki. In an tambaya sai a ce basir ne, ko sanyi, a nufi mai magani ko kemis. Da wuya a duba kujerar, alhali a ganina daga nan ya kamata a fara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon kwankwaso, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya.

Ƙasan gadon bayan mutum ƙasusuwa biyar ne, da ɗan lanƙwasa zuwa ciki, kuma wannan lanƙwasar ce ke rarraba nauyin jiki. Idan soson kujera ya mutu, ya yi rami a tsakiya, mazaunai sai su nutse ƙasa da gwiwa, ƙugu ya karkata baya, lanƙwasar ta miƙe, mutum ya ranƙwafa bai sani ba. Awon da mai bincike Wilke da abokan aikinsa suka wallafa a 1999 ya nuna matsin da ke kan faifan tsakanin ƙasusuwan ya fi yawa sosai a zaman ranƙwafe fiye da zaman miƙe. Ga direba kuma, girgizar mota na ƙara masa. Shi ya sa matashi mai laushi da ake ɗorawa kan mataccen soso ba ya tsinana komai, sai ƙara nutsewa. Abin da ake so shi ne soso mai ɗan tauri da zai ɗaga ƙugu daidai da gwiwa ko ɗan sama, da tawul a naɗe a tokare kwankwaso. A kuma fitar da walat daga aljihun baya.

Wani zai ce iyayenmu a tabarma suka zauna, ba su san matashi ba. Gaskiya ne, amma mai zaman tabarma ba ya daɗewa a yanayi ɗaya: ya tanƙwashe, ya miƙe ƙafa, ya kishingiɗa, ya tashi salla. Motsin ne ya taimake su. Wannan kuma shi ne iyakar matashin kujera, komai tsadarsa: yana gyara zama, ba ya maye gurbin tashi. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 kan ciwon da ya daɗe ta fifita motsa jiki da wayar da kai, ta hana dogaro da ɗamarar baya da ƙwayoyi dangin Tramadol, waɗanda Kano ta san ɓarnarsu.

Direba zai ce ba shi da lokaci. Amma jiran lodi a tasha lokaci ne, da yawa a cikin motar suke cinye shi a zaune. Tela ma zai iya yin yanka da guga a tsaye tsakanin ɗinki. Ciwon da ya zo da mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ko zazzaɓi da rama, ya wuce batun kujera, domin tarin fuka ma na kama ƙashin baya. Mai irin wannan ciwo a gaggauta kai shi asibiti a Gaya, in ta kama a tura shi Asibitin Ƙashi na Dala.