Takardar Izini Ma Tana Da Lokacin Shukarta

Manomi ba ya jiran saukar ruwan sama kafin ya nemi iri. Tun da bazara yake sharar gona, ya kai taki, ya gyara garma. Abin mamaki, wannan manomin da ya san haka, idan ya tashi kafa injin matse gyaɗa a cikin garin Gombe, sai ya sayi inji, ya kama haya, ya cika ɗaki da buhuna daga Tudun Hatsi, sannan ya tuna da takardun hukuma. A ganina, ba tsadar rajista ce ke karya yawancin ƙananan masu sarrafa amfanin gona ba, rashin sanin lokacin nemanta ne.

Mu ɗauki mai son zuba man gyaɗa a jarka da sunansa. Ribarsa tana cikin kaka, wato Oktoba zuwa Disamba, lokacin da gyaɗa ke araha. Daga nan ya kamata ya yi lissafi da baya-baya. Doka ba ta yarda ya kai man da aka rufe a mazubi shaguna ba sai da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Samun wannan lamba aikin watanni ne, domin sai jami'ai sun zo sun duba wurin aiki, sun ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaje-gwaje, sun kuma ga shaidar lafiyar ma'aikata da ta feshin ƙwari. Idan aka sami gyara, sai a sake jira. Wanda ya fara nema a Satumba ya makara; zai zauna da jari a ɗaure, haya tana ci, idan kuma da rance ya fara, ranar biya tana ƙaratowa.

Ita kuwa NAFDAC ba za ta saurare ka ba sai ka nuna shaidar Hukumar Yi wa Kamfanoni Rajista, wato CAC. Don haka ita ce matakin farko, kuma ita ce mafi sauƙi, tunda yanzu ta intanet ake yi. Dokar kamfanoni ta 2020 ma ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Sai dai a kula: sunan da aka amince da shi kwana 60 ake ajiye wa mai nema, saboda haka kada a kama suna alhali sauran takardu ba su haɗu ba.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne gini. Akwai gaggawar da ta fi jinkiri ɓarna. Wani zai kashe kuɗi ya gina ɗaki ɗaya, a nan ake suya, a nan ake matsa, a nan ake ajiya, sai masu dubawa su ce a raba, a rushe a sake. Tun kafin a ɗora bulo ɗaya, a je ofishin hukumar a tambayi tsarin da take buƙata. Haka nan kada a buga takardun da ake manna wa jarka kafin lamba ta fito. A kuma sani cewa tun 2002 wajibi ne a ƙara sinadarin bitamin A a man girki, don haka a san inda za a samo shi tun da wuri.

Mai shagon kayan noma kuma kakarsa daban ce. Cinikinsa daga Mayu zuwa Yuli yake, sai kuma na 'yan noman rani na Dadin Kowa. Dokar iri ta 2019 ta ɗora wa Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa alhakin ba masu sana'ar iri lasisi, dokar ingancin takin zamani ta wannan shekarar kuma ta hana sayar da taki ba tare da izini ba. Irin wannan ɗan kasuwa ya fara neman takardunsa da zarar an gama girbi, lokacin da akwai kuɗi a hannu. Mai man gyaɗa kuwa ya yi rajistar suna a Janairu, ya kammala gini kafin damina, ya kira masu dubawa kafin ƙarshen Mayu.