Kuɗin hannun tsoho

Yau za mu leƙa Ingila, inda maganar gidajen tsofaffi ta daɗe tana hana gwamnatoci barci.

A can, in tsufa ya kai mutum ga rashin iya yi wa kansa komi, ana kai shi gidan kula da tsofaffi. Asibiti kyauta ne a ƙasar, amma wannan gida ba kyauta ba ne, sau da yawa kuɗinsa ya kan wuce fam 1000 a mako. Ma'aikatar magajin gari sai ta lissafa dukiyar tsoho. In ta haura fam 23,250, wajen miliyan 17 na sefa, shi zai biya da kansa. Tun 2010 ba a taɓa wannan iyaka ba. Kuma gidansa yana cikin lissafi, sai fa in matarsa, ko wani ɗan uwa da ya kai shekara 60 ko mai naƙasa, na zaune ciki. Mako 12 na farko ana ɗauke ido daga gidan. Bayan nan, ko a sayar, ko ma'aikatar ta biya masa bashi da kuɗin ruwa, ta karɓi abinta daga kuɗin gidan bayan an sayar ko bayan ya rasu. Wanda ya yi dabara ya ba ɗiyansa gidan don ya kauce wa biya, ana iya lissafa masa shi kamar yana hannunsa.

An sha yin alƙawarin gyara. A 2021 gwamnatin Boris Johnson ta ce ba wanda zai biya fiye da fam 86,000 na kulawa a duk rayuwarsa. Aka ɗage, aka yi ta jira, a watan Yuli na 2024 sabuwar gwamnati ta soke shirin.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne ɗan abin da ake bar wa tsoho a hannu. In dukiya ta ƙare ma'aikata ta shiga biya, ana karɓe kusan duk fanshonsa, a bar masa kuɗin kashewa: fam 30.65 a mako, bisa ƙa'idar 2025, wajen jika 23. Mai sayar da tumatur a kasuwar Dole ta Zinder za ta ce ai da yawa. To, a can aski da tufafi da kyautar jika duk daga ciki suke fita, kuma abu ne mai tsada. Mutumin da ya yi shekara 40 yana aiki har ya mallaki gida, ya koma yana ƙidayar canji. Mun ga rowa a nan. Duk da haka akwai abu ɗaya da muka yaba: doka ta ce kuɗin nasa ne, ba a cire su a biya ɗaki ko abinci.

Mu nan ba mu kai iyayenmu irin wannan gida, alhamdu lillahi. Sai dai kada mu yi saurin buga ƙirji. Asusun CNSS na masu albashi ne, mai rumfa ba ta da fansho. Fanshonta shi ne gidan da ta gina da adashi, bulo bayan bulo, da ɗakunan haya biyu ko uku. Ranar da gwiwa ta hana ta fita, ɗa ya karɓi rumfa, wani ya karɓi kuɗin haya, takardar gida ta koma akwatin babban ɗa. Ana ba ta tuwo, ana sayen magani, ba wanda zai ce an wulaƙanta ta. Amma Hajiya da ta saba kwance bakin zane ta ba almajiri sadaka, yanzu sai ta aika a roƙo mata dala ashirin ta goro. A yi suna a maƙwabta ta ƙi zuwa, ta ce ƙafa ce, alhali abin gudummawa ne babu. Wa ya taɓa lissafa mata nata kuɗin kashewa?

Ra'ayin wannan jarida shi ne a yi maganar tun uwa ko uba na da ƙarfi da hankali. A zauna gaban liman ko mai unguwa, a faɗi nawa ne za a riƙa damƙa wa tsoho a hannu kowace Juma'a daga ribar rumfa ko kuɗin haya, a rubuta, shaidu su sa hannu. Takardar gida ta zauna da sunan mai gida muddin yana raye. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi, Tawa da Yamai, da suka iya tara kuɗin biki da na gobara, su buɗe wani kaso na dattawan da suka bar rumfa, ko da jika ɗaya ce a mako.