Wa Ke Da Alhakin Gyangyaɗin Ma'aikaci A Kan Hanya?

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, akwai wata al'ada a ofisoshinmu wadda muke ganin lokaci ya yi da za a tona ta. Sai a tura ƙaramin ma'aikaci taro daga Kano zuwa Abuja, tafiyar da ta haura kilomita 400. Ya yi sammako, ya yini yana rubuta bayani, a tashi bayan la'asar, sa'an nan maigidansa ya ce lalle takardun su kwana a Kano. In ya iso lafiya, ko sannu ba zai samu ba. In kuwa barci ya sace shi a wajen Zariya, sai a taru a zaman makoki ana cewa kwana ne ya ƙare.

Ba mu musun ƙaddara. Amma wanda ya tsara tafiyar, ya hana direba, ya kuma ƙi biyan kuɗin masauki, da hannunsa a ciki. A 1997 wasu masana biyu na Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, hankalinsa kan dushe kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini. Wato wanda ya tashi ƙarfe 4 na asuba, da ƙarfe 9 na dare ya shiga wannan hali. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa kuwa, in ido ya rufe na daƙiƙa 3 kacal, ta ci fiye da mita 80 ba mai riƙe da ita. Wane shugaba ne zai miƙa wa mashayi makullin motar ofis? To, ga shi kullum ana miƙa wa gajiyayye.

A wasu ƙasashen shari'a ta riga ta kama masu yin haka. A Ingila, a 2013, wasu masu waldar layin dogo biyu sun mutu a mota suna komawa gida da asuba, bayan an tura matuƙin aikin dare alhali ya yini a hanya. A 2020 kotu ta ci kamfaninsu tarar fam 450,000. Mu a Nijeriya muna da Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke gudanarwa, har ta haɗa da haɗarin da ya auku tsakanin wurin aiki da gida. Madalla. Sai dai diyya ba ta zuwa sai an riga an kwashi mutum a bakin titi.

Abin da muke nema kaɗan ne. A biya kuɗin kwana kafin a tashi, domin ma'aikacin da aka ce ya ci bashi ya kama ɗaki, a biya shi bayan wata uku, hanya zai kamo. Tafiyar da ta yi nisa a haɗa shi da direba. Wanda kuma ya bugo waya ya ce ya gaji zai kwana, kada washegari ya tarar da takardar tuhuma a kan teburinsa.

Mu ma ba mu fita ba. Mun san abokanmu da kan karɓi kuɗin kwana su soke a aljihu, su jefa goro a baki, su kamo hanyar dare. Irin waɗannan, ofis ya nemi rasit ɗin masauki a hannunsu.