Fasinja Na Biyu A Gidan Gaba

Masu jiran ci gaban labari su yi mini uzuri, yau ƙorafi na zo da shi.

Na daɗe ina lura da wani abu a littattafanmu na soyayya. Jarumi ba ya shiga mota sai Prado ko Honda End of Discussion, sanyi na ratsa shi, ƙamshi na tashi, budurwa ta kwantar da kujera ta miƙe ƙafa. Alhali ita mai karanta labarin, sau da yawa a bayan Golf take zaune, gwiwa a ƙirji, ƙullin kayan wani ya danne mata ƙafa. To a kan wannan motar zan yi magana, wadda ke ɗaukar mu daga Kucheri zuwa Tsafe, ta ratsa Kwatarkwashi ta sauke mu Gusau, mai zuwa Bungudu kuma ya sake hawa wata irinta.

Bari in fara ba ta haƙƙinta. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar da Golf ta farko a 1974, wani Ba'italiye mai suna Giorgetto Giugiaro ne ya zana ta. Wadda ta cika tashoshinmu ita ce ta uku, da aka fara ƙerawa a 1991, sai mai dogon baya da ta biyo a 1993. Ba sababbi suka zo mana ba, sai da Turawa suka more su sannan aka yo mana jigilarsu, akasari ta Kwatano. Dabarar da ke cikinta ita ce an gicciye injin a gaba, tayoyin gaba ke jan ta, saboda haka kusan duk sauran jikin ya zama wurin mutane da kaya. Tsawonta mita huɗu ne kacal, amma ka ɗaga ƙofar bayan nan ta tafi sama gaba ɗaya har da gilashi, ka kwantar da kujerar baya, sai ka ga fili kamar ƙaramin shago. Keken ɗinki na shiga a tsaye. Buhun masara na shiga ba sai an yi kokawa da bakin but ba. Mai naƙuda ko marar lafiyar da ba ya iya zama, a shimfiɗa masa tabarma a kwantar da shi har asibiti, abin da motar Alhaji mai rufaffen but ba za ta yi maka ba komai tsadarta. Ga shan mai kaɗan, ga kayan gyara a wajen kowane bakanike. Wanda ya ce Golf ba ta yi wa talakan Zamfara rana ba, bai yi mata adalci ba.

Sai dai mutum biyar aka auna mata: direba, ɗaya a gefensa, uku a baya, kowa da bel ɗinsa. Mu kuma muka ce ba mu san zancen ba. Huɗu a baya, biyu a gaba, in ranar kasuwa ce a cusa yara a but su zuro ƙafafu waje. Nauyin da aka yarje mata, mutane da kaya duka, bai wuce wajen rabin tan ba. Yi lissafi da kanka: manya bakwai, a ce kowa kilo 65, an tashi 455. Ɗora buhu biyu masu kilo ɗari-ɗari, ka ga inda aka kwana. Kuma duk wannan kayan bayan tayar baya yake zama, sai gindin motar ya durƙusa, hancinta ya ɗaga. Tayoyin gaban da nauyi ya ragu a kansu kuwa su ne masu ja, su ne masu juyawa, su ne ke yin mafi yawan aikin birki. Shi ya sa za ka ga fitilarta da dare tana haska reshen bishiya maimakon kwalta. Ƙofar bayan da ake ɗaurewa da igiya a buɗe ita ma ba banza ba, hayaƙin salansa take jawowa ciki. Ciwon kan da muke sauka da shi muna cewa rana ce, wani lokacin ba rana ba ce.

Duk wannan zan iya haɗiyewa in yi shiru, don na san halin da ake ciki. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a maƙoshi, shi ne mutum na biyu a gidan gaba.

Ina yake zama? Babu kujera a wurin. A kan birkin hannu yake, an ɗora masa tsumma ko ɗan matashi, cinyarsa manne da giya, kafaɗarsa ta tare wa direba madubin dama. Ni kaina na zauna a wurin ba sau ɗaya ba. Wata rana daga Gusau wani dattijo ya leƙo ya ce, "Ɗan muskuta mani, Malam, nan Tsahe zan sauka." Na muskuta, na koma tsakiya. Duk lokacin da direba zai sa giya sai ya ce, "Malam, ƙafa," in ɗage. Muka yi ta raha a kan haka. Bayan mun wuce Tsafe sai muka hangi motoci suna juyowa da gudu suna wasa da fitila. Duk wanda ya san hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, ta Magazu, Kucheri, Wanzamai har 'Yankara, ya san ma'anar wannan a shekarun nan na 'yan bindiga. Dattijon ya sauka, amma an riga an maye gurbinsa da wani. Direba ya taka birki zai juya, hannunsa ya nemi giya ya ci karo da gwiwata, ya nemi madubi ya ga hular maƙwabcina. Allah Ya tsare, mun juya. Amma 'yan daƙiƙun nan da ya ɓata yana ture ni, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A wannan hanyar, abin da ke tsakanin mutum da daji wani lokaci bai wuce saurin juya mota ba.

Ga kuma wani abin da ke ba ni mamaki. Mu ne jihar da ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, har aka ware wa mata motocin haya nasu a lokacin. Amma matar aure ta shiga Golf a matse ta tsakanin ƙarti uku, ta yi tafiyar awa guda a karkace tana kare jikinta da jaka, babu mai ganin abin magana ne.

Na san abin da direba zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki. Ga balas ɗin mai mota, ga kuɗin tasha, ga ɗan kamasho, ga abin da ake miƙawa a hanya. Mutum na shida shi ne cefanen gidansa. Ban ce ya yi asara ba. Cewa nake a raba kuɗin wannan mutumin a kan sauran. A misali, in shida na biyan dubu-dubu, biyar su biya dubu da ɗari biyu, direba bai rasa ko kwabo ba, motarsa ma ta huta.

Za a ce ɗari biyun nan ita ce ke hana wata tsohuwa zuwa asibiti. Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Shi ya sa ban taɓa huɗun baya ba, duk da wurin na uku ne. A bar shi haka tukuna, da babu gara ba daɗi. Amma a duba yadda abin yake yanzu. Mai hali yana zuwa ya ce, "Na sayi gaba," ya biya kuɗin mutum biyu ya ɗaura bel ya yi barcinsa. Ranar da aka yi dace da irinsa, direba na tuƙi hannu a sake, tsohuwar da ke baya ma ta amfana. Ranar da babu shi, kowa ya hau a kan sa'a. Ke nan lafiyar mota guda ta rataya a kan ko mai kuɗi ya biyo tashar da safen nan.

Wannan ba sai an jira gwamnati ba. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Gusau, Tsafe da Bungudu su ne ke yanke kuɗin mota, su ne ke tsara layi, ɗan kamasho ba ya ƙetare maganarsu. In suka zauna suka ce daga ranar kaza gaba mutum ɗaya ne, a rubuta sabon farashi a allo kowa ya gani, a mako guda zai zauna. Mu fasinjoji kuma mu daina jin haushin wanda ya ƙi muskutawa, mu daina ce masa mai girman kai.

Ni dai tun daga ranar nan, in kuɗina ya kai in sayi gaba, in bai kai ba in jira wata motar in shiga baya. Makon jiya sai da na yi awa ɗaya da rabi a bakin titi a Kucheri, motoci uku suka wuce ni, kowacce direban na nuna mini tsumman da ke kan birkin hannu.