Tsakanin Ƙafar Direba da Inji

Na koyi tuƙi a tsohuwar Fijo 504, inda wayar ƙarfe ce ta haɗa totur da murfin da ke shigar wa inji iska: ka taka, ta ja, mota ta zabura. A motocin yanzu babu wannan waya. Na'urori biyu ne a jikin totur ke auna nisan takawarka, su kai wa kwamfutar mota labari, ita kuma ta umarci wani ɗan injin lantarki ya buɗe murfin gwargwadon bukata. Idan bayanansu suka saɓa, sai kwamfutar ta rage ƙarfin motar da gangan. Wannan kariya ce, kada bakanike ya yi mata dabara.

Mutane na tsoron kwamfutar, ni kuwa kafet nake tsoro. Da aka zargi motocin Toyota a Amurka da zabura da kansu, binciken hukumar NASA na 2011 bai samu laifin lantarki ba. Totur ne ke maƙalewa, sau da dama a ƙarƙashin kafet. Mu kuwa har biyu muke shimfiɗawa don gudun ƙura. Mai karatu, kafin ka tayar da mota gobe, sunkuya ka duba.