Waldar leza: Abin da masu walda a Gumel ya kamata su ɗauka

Duk ranar Alhamis tireloli kan tashi daga kasuwar Maigatari shaƙare da shanu su nufi Kudu. Idan shasin ɗayansu ya tsage, wurin mai walda ake kai shi. Ran direba da dukiyar fatake sun rataya ne a kan wannan ɗinkin ƙarfe.

Matsalar ita ce shasin manyan motocin zamani da ƙarfe na musamman ake ƙera shi, mai ɗaukar nauyi fiye da wanda ake yin ƙofa da taga. Irin wannan ƙarfe yana da tsarabe-tsarabe. In zafi ya yi masa yawa, gefen waldar ya yi laushi. In ya huce da sauri, ya yi tauri ya tsage. In sandar walda ta sha danshi, tsagar na iya fitowa bayan kwana ɗaya ko biyu, mota ta riga ta hau hanya.

Don magance wannan ne manyan masana'antu suka haɗa hasken leza da wutar walda a aiki guda. William Steen ya fara gwada dabarar a Landan a ƙarshen shekarun 1970, kuma kamfanin jiragen ruwa na Meyer Werft a Jamus ya daɗe yana aiki da ita. Lezar ce ke huda ƙarfe mai kauri da siririn rami mai zurfi, wutar walda kuma ta narka waya ta cike giɓin, ta hana shi saurin hucewa. Aikin da za a bi sau da yawa sai a gama shi a bi ɗaya ko biyu, ƙarfen bai lanƙwashe ba.

Wannan inji ya fi ƙarfin mai shagon da ke fama da kuɗin man janareta. Ƙananan injinan leza na hannu da ake tallatawa a TikTok kuwa na ƙarfe marar kauri ne, kuma haskensu, wanda ido ba ya gani, yana iya makantarwa.

Amma ilimin da ke bayan dabarar, wato sarrafa zafi, ba ya buƙatar miliyoyi. A ɗumama ƙarfe mai kauri kafin walda, a adana sanduna a busasshen wuri, a bar aiki ya huce a hankali, a kuma bi gargaɗin kamfanin mota kan inda aka hana walda a shasi.

A ganina, nan ya kamata gwamnatin Jigawa ta sa hannu, ta hanyar gajeren horo da takardar shaida ga masu walda na Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, tare da kwalejojin kimiyya da fasaha na Kazaure da Haɗeja. Ayyuka irin bututun gas na Ajakuta zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, sai wanda ya ci jarrabawar walda suke ɗauka. Matasanmu suna da hannu, shaidar ce ta rage musu.