Kofi ko ɗorewa: Da wane mudu za a auna jami'a a fagen ƙwallon kwando?

Kwanakin baya wata gardama ta kaure tsakanina da wani abokin aikina da ya yi karatu a Amurka. Muna ɗakin shan shayi na malamai sai ya ce, kai-tsaye, babu jami'ar da ta kai UCLA a ƙwallon kwando, kuma duk mai ja ya ƙirga kofuna. Na ce masa na ƙirga. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ƙirga kofuna ya ƙare magana. Mun rabu ba wanda ya sauka daga kan bakansa, amma tun daga ranar zancen ke yi mini kai-kawo a zuciya, domin na lura gardamar ta fi shafar mu nan gida fiye da yadda muka zata.

Ga wanda bai saba bibiyar abin ba, jami'o'in Amurka suna da gasa ta ƙasa da hukumar NCAA ke shiryawa tun 1939, ana yin ta a watan Maris zuwa farkon Afrilu. A 2011 aka mai da yawan masu shiga 68. Gasar sili-ɗaya-ƙwale ce: aka doke ka sau ɗaya, sai ka tattara komatsanka. Saboda haka mutanen can suna riƙe da lissafi iri biyu. Akwai na waɗanda suka ɗauki kofi, akwai kuma na waɗanda suka yi nisa, musamman zagayen 'yan huɗun ƙarshe.

A lissafin farko abokina yana da gaskiya. UCLA tana da kofi 11, Kentucky 8. Zuwa 2024, North Carolina da Connecticut kowace na da 6, Duke da Indiana biyar-biyar, Kansas 4. To amma mai karatu ya duba cikin sha ɗayan nan na UCLA. Goma daga ciki an ci su ne tsakanin 1964 da 1975, a hannun mai horarwa guda, John Wooden, har da bakwai a jere daga 1967 zuwa 1973. Bayan ya ajiye aiki, sau ɗaya tak jami'ar ta sake ɗaga kofin, a 1995. Shin wannan ƙarfin jami'a ne, ko ƙarfin mutum ɗaya da zamaninsa? North Carolina kuwa, wadda ba ta kai ta yawan kofuna ba, ta shiga zagayen 'yan huɗu sau 21, a ƙarƙashin masu horarwa daban-daban, cikin shekaru masu nisa da juna. Ita kuma Connecticut al'amarinta daban ne: ta ci kofi shida tsakanin 1999 da 2024, alhali daga 2017 zuwa 2019 ko gurbin shiga gasar ba ta samu ba.

Misalin da ya fi taɓa mu shi ne na Jami'ar Houston a zamanin Hakeem Olajuwon, ɗan Legas da bai fara ƙwallon kwando ba sai da ya kai kimanin shekara 15, bayan ya yi tsaron gida a ƙwallon ƙafa ya kuma taɓa ƙwallon hannu. Houston ta kai zagayen 'yan huɗu sau uku a jere, 1982 da 1983 da 1984. A wasan ƙarshe na 1983, North Carolina State ta doke ta da ci 54 da 52, da ƙwallon da ta faɗa kwando a daƙiƙar ƙarshe; duk da haka Olajuwon aka ba kambin gwarzon gasar. A 1984 Georgetown ta doke ta. A 2025 ta sake zuwa wasan ƙarshe, Florida ta yi galaba a kanta da ci 65 da 63. Idan mudun kofi kaɗai za a ɗauka, duk wannan tarihi sifili ne. Ni kam hankalina bai ɗauki a ce maki biyu a daren wata Litinin su shafe aikin shekaru ba.

A nan ne sana'ata ta nazarin harshe ke ɗan tsoma baki. Hausa ta bambanta zakara da gwani. Zakara na rana guda ne, wanda ya fito na ɗaya a karon da aka yi. Gwani kuwa sai an daɗe ana gani ake kiran mutum da shi, kuma ba ya rasa sunan don ya faɗi sau ɗaya. Masu kallon dambe da kokawa sun san wannan sarai: ana iya kayar da shago a filin yau, gobe kuma makaɗa su kira shi da kirarinsa ba su rage ko kalma ba. Kofi yana nuna zakara. Yawan kaiwa nesa, shekara bayan shekara, shi ke nuna gwanintar makaranta, domin ɗalibi shekara huɗu yake yi ya tafi, wani ma shekara ɗaya. Makarantar da ta ci gaba da kaiwa nesa bayan an sauya 'yan wasanta kaf, sau biyar ko sau goma, tana da wani abu da ya wuce sa'a: tana da inda take samo yara, da masu koya musu, da filin da ake kula da shi.

Ba na cewa kofi banza ne. Wanda bai taɓa ci ba shi ya fi kowa sanin daɗinsa, kuma na tabbata mutanen Houston za su bayar da duk waɗancan tafiye-tafiye a kan kofi guda. Magana ce ta wane mudu ya kamata mai riƙe da makaranta ya yi amfani da shi idan ya zo raba kuɗi.

Mu dawo gida. Arewa tana da tarihinta a wannan wasa, ko da yake ba mu cika rubuta shi ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Oliver B. Johnson, Ba'amurken da kowa ke kira Koci OBJ, ya shafe shekaru da dama yana koya wa yara wasan. Daga cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma zama shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ƙungiyar Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta sha ɗaukar kofin ƙasa. Muna kuma da gasar jami'o'i ta NUGA tun 1966. Amma tambayi malamin jami'a ko ɗan jarida wace jami'a ce ta fi yawan kaiwa wasan kusa da na ƙarshe a ƙwallon kwandon NUGA cikin shekara 30, ka ga yadda za a yi cirko-cirko. Abin da ake sanarwa bayan kowace gasa shi ne jadawalin lambobin zinari da azurfa, a yi hoto, a watse. Da me za a kwatanta makarantu idan ba a adana ko sunayen waɗanda suka zo na uku da na huɗu ba?

Illar wannan ɗabi'a a fili take. Shugaban makarantar da kofi kawai zai iya nunawa a ƙarshen wa'adinsa, zai jira sai gasa ta matso ya tara 'yan wasa na wata biyu, ya saya musu riguna, idan an ci a yi walima, idan ba a ci ba a ce wasanni ɓarnar kuɗi ne. Jihar Katsina a yau tana da Jami'ar Al-Qalam da ta Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya a Dutsin-Ma, dukkansu an kafa su ne daga 2005 zuwa 2011. Ƙananan jami'o'i ne a shekaru. Idan aka ce sai sun doke manyan jami'o'in da suka girme su da shekara arba'in za a san suna yi, to an kashe musu gwiwa tun kafin su fara. Idan kuwa aka ce a nuna mana kun tsallake zagayen farko bana, kun kai 'yan takwas baɗi, kun maimaita bayan waɗannan ɗalibai sun gama, to an ba su tsani mai matakala.

Sai dai jami'a ba ta ƙera ɗan wasa daga aji ɗaya na digiri. Daga sakandare yake zuwa, kuma a nan ne zancen ya kai ni yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Duk wanda ya san yankin ya san halin da 'yan bindiga suka jefa shi. A daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana shida. Abin da ya biyo baya shi ne rufe makarantun kwana na wani lokaci, da iyayen da suka janye 'ya'yansu, da malaman da suka nemi sauyin wurin aiki. Makarantar kwana kuwa ita ce gidan wasanni a Arewa tun zamanin iyayenmu, saboda a can ne yaro ke da la'asar ɗin da ba ta gona ko kasuwa ba ce. Na taɓa leƙa wata sakandare a yankin na tarar da turakun kwandon suna tsaye, allon ya ruɓe, zoben ya karkace, awaki na kwance a kan simintin da ya tsattsage.

Na san abin da wani zai ce: mutanen da ke kwana da ido ɗaya, ina ruwansu da ƙwallo? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na da'awar wasa zai kori ɗan bindiga. Amma a tuna yadda wasan ya samo asali. James Naismith ya ƙirƙire shi a 1891 a garin Springfield saboda ɗaliban da sanyin hunturu ya hana fita waje, ya rataya kwandunan 'ya'yan itace biyu a ɗakin motsa jiki (shi ya sa fassararmu ta "ƙwallon kwando" ta faɗa daidai kan asalin abin). Wasa ne na waɗanda aka killace. Filinsa mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, zoben yana da tsayin mita 3.05 daga ƙasa. Zai shiga cikin katangar kowace makaranta, kusa da ajujuwa, inda malami zai iya ganin kowa, saɓanin filin ƙwallon ƙafa da galibi ke can bakin daji. Yara goma ke wasa a lokaci guda, kuma 'yan mata na iya yin nasu a keɓe. Wanda ke ganin wasan bai dace da yaranmu ba ya tuna Adama Sanogo, ɗan Mali, wanda ya zama gwarzon gasar 2023 tare da Connecticut yana ɗauke da azumin Ramadan.

Abin da nake kira gare shi ba kofin wani mai neman kujera ba ne, irin wanda ake yi sau ɗaya gab da zaɓe. Ƙananan hukumomin uku suna mazaɓar tarayya guda, suna kuma shiyyar Funtuwa. A gyara fili biyu ko uku a kowace, cikin makarantun da ke tsakiyar gari. A riƙa buga wasa da rana, kowane zangon karatu. Zagayen ƙarshe a kai shi Funtuwa ko Malumfashi idan hanya ta yi kyau. Sashen koyar da wasanni na jami'o'in jihar ya turo ɗalibansa su yi alƙalanci, ya kuma ɗauki nauyin abu guda da ba ya cin kuɗi: littafi. A rubuta kowane wasa, da ci, da sunayen makarantun da suka kai 'yan huɗu, kowace shekara, a ajiye kwafi a ɗakin karatu. Bayan shekara goma, mai horarwar da ya zo daga Zariya ko Dutsin-Ma neman yara zai buɗe littafin ya ga wace makaranta a Sabuwa ko Faskari ce ta kai 'yan huɗu sau bakwai, ko da ba ta taɓa ɗaga kofin ba, ya san motar da zai hau.